Inda Baba Yake Tsayawa

Daga ƙofar gidanmu zuwa masallacin unguwa tafiyar minti bakwai ce, kuma rabin hanyar hawa ne, domin muna zaune ne a gindin Goron Dutse, inda ƙasa take fara ɗagawa kafin ta kai ga dutsen. Hawan ba shi da wani tsanani. Yara da gudu suke haye shi, 'yan garuwa ma suna tura kurarsu su wuce. Shekara talatin da ɗoriya mahaifina yana bin wannan hanya sau biyar a rana, ban taɓa ganin ya tsaya ba sai in jana'iza ce ta gifta. A daminar da ya cika shekara 62 ne na lura ya samu wurin tsayawa. Akwai rumfar wani mai gyaran rediyo a daidai tsakiyar hawan. Baba, wanda rabonsa da mallakar rediyo tun ina firamare, sai ya zama kullum yana tsayawa a gaban rumfar, ya yi sallama, ya tambayi gida, ya tambayi kasuwa, ya tambayi ruwan jiya. Bayan minti biyu ko uku ya ci gaba. In da asuba ne, rumfar a rufe, sai ya sunkuya yana gyara takalmin da babu abin da ya same shi. A hanyar dawowa kuwa, da yake gangara ce, hannu kawai yake ɗagawa ya wuce.

Na fi wata guda ina ganin haka ban ce uffan ba. Ni ne ɗansa na fari, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba ta tsaya kan Inna kaɗai ba. Baba bai taɓa kiran sunana ba, “kai” yake ce mini, in kuma da baƙi ya ce “yaron nan”, har bayan na yi aure na haifi uku. Magini ne tun yana saurayi, ya fara da tubali da azara, ya ƙare da bulo da siminti. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana hawa tsani da kaya a ka ba a tarar sa a ce masa, na ga kana haki. Ban taɓa jin kalmar “na gaji” daga bakinsa ba. In aka tambaye shi jiki, amsa ɗaya ce: “Lafiya lau, alhamdulillahi.” Da ita ya amsa ranar da katanga ta karya masa ƙafa.

Inna ce ta fasa ƙwan. Wata rana bayan isha ta kira ni ɗakinta ta ce, “Malam fa in ya ci tuwo ya fita, sai ya dawo yana dafe da ƙirji. Ya ce olsa ce.” Ashe wani mai kemis ne ya ce masa olsa ce, ya haɗa shi da farin ruwan magani, ya sha kwalba huɗu. Da ƙyar, da sa bakin aminansa biyu, muka kai shi wani ƙaramin asibiti. Aka auna jininsa aka ce ya ɗan hau. Aka kwantar da shi aka yi masa gwajin bugun zuciya, wanda ake kira i-si-ji, takarda ta fito da zane-zanenta, aka ce ba a ga komai ba. Baba ya ninke takardar nan gida huɗu ya sa a aljihun gaba. Daga ranar ta zama masa shaida. Duk wanda ya ɗago maganar ƙirji sai ya dafa aljihun ya ce, “Na'ura ma ta wanke ni.”

Da a ce zaman gida zai ci gaba da yi, wataƙila da mun haƙura. Amma a shekarar ne ya kammala tara kuɗin kujerar Makka, bayan adashi da tanadi na shekara goma sha ɗaya. Ni kuwa na san abin da ke gabansa. Safa da Marwa kaɗai, zuwa da dawowa bakwai, sun haura kilomita uku, ban da ɗawafi, ban da tafiyar jifa a Mina cikin zafi da cunkoso. Mutumin da hawan minti uku yake tsayarwa, yaya zai yi a can, inda babu rumfar mai rediyo?

Likitar zuciyar da muka gani a babban asibiti mace ce mai kimanin shekaruna. Ta karɓi takardar Baba da hannu biyu, ta duba ta da kyau, ta ce, “Baba, takardar nan gaskiya ta faɗa. Amma a kwance aka tambayi zuciyarku, ta ba da amsar kwance.” Sai ta zana mana hoto a bayan kati. Zuciya, in ji ta, tsoka ce mai aiki dare da rana, tana bugawa wajen sau dubu ɗari a kwana guda, kuma ita ma tana da nata ƙananan jijiyoyin da ke kai mata jini, kowace faɗinta bai wuce milimita uku ko huɗu ba. Maiƙo yakan taru a jikin bangonsu sannu a hankali, hanya ta ƙuntata. Idan mutum yana zaune, zuciya tana tura jini kamar lita biyar a minti, ɗan abin da ke wucewa ta ƙuntatacciyar hanya ya ishe ta. Idan ya tashi hawa, aikinta yakan ninka sau uku ko huɗu, buƙatarta ta ƙaru, hanyar ta gaza. A lokacin ne ƙirji yake ɗaurewa, da an tsaya kuma ya saki. “Kamar kwatar unguwa ce,” ta ce. “Da rani ba a gane wadda ta toshe. Sai ruwan Agusta.” Saboda haka tana so a ɗora wa zuciyar aiki da gangan, a gaban idonta, a ga abin da za ta ce.

Na zaci Baba zai ƙi. Ya yi shiru yana kallon katin, can ya ce, “Azara ma a ƙasa duk kyawawa ne. Sai an ɗora mata ƙasa ake sanin mai ɓarawa.” Da wannan ya amince, ba don maganata ba.

Sati biyar aka ba mu kafin layi ya zo kanmu, domin injin guda ɗaya ne. A cikin makonnin nan na shiga karance-karance, irin na mai tsoro da ke neman abin riƙewa. A nan na ci karo da wani likitan Ingila, William Heberden, wanda a shekarar 1768 ya bayyana wa takwarorinsa a Landan wani ciwon ƙirji da ke kama mutane suna cikin tafiya, musamman a hawa ko bayan cin abinci, ya kuma sake su da zarar sun tsaya. Na ajiye wayar na yi tagumi. Mutumin da ya rasu fiye da shekara ɗari biyu da suka wuce ya siffanta mini mahaifina a gaban rumfar mai rediyo. Heberden ba shi da na'urar da zai leƙa zuciya da ita. Sai a farkon ƙarni na ashirin Willem Einthoven na ƙasar Holan ya ƙera na'urar da ke zana lantarkin zuciya a takarda, aikin da ya samu kyautar Nobel a kansa a 1924. A 1929 Arthur Master na birnin New York ya fito da gwajin matakala biyu, majiyyaci ya yi ta hawa da sauka. Tsarin da aka fi bi yau kuwa na Robert Bruce ne, likita a birnin Seattle na Amurka, wanda ya wallafa shi a 1963: mutum ya hau injin tafiya, duk bayan minti uku a ƙara masa sauri a ƙara masa tudu. Duk wannan ilimi, na ga, an gina shi ne a kan abin da Baba ya faɗa game da azara.

An gindaya mana sharuɗɗa. Kada ya ci abinci awa uku kafin gwajin, kada ya sha shayi, kada ya ci goro, ya zo da tufafi marasa nauyi da takalmin da ke kama ƙafa. Hana goron ya fi komai yi masa ciwo. Takalmi kuwa sai da na je Ƙofar Wambai na sayo masa kambas na gwanjo, na farko a rayuwarsa. Ya juya shi a hannu ya ce, “Da tsufana za ka mai da ni ɗan ƙwallo.”

Ɗakin gwajin ƙarami ne, da sanyin na'ura. Injin tafiya a tsakiya, allon kwamfuta a gefe, gado a jikin bango, kusa da shi tukunyar iskar numfashi da wata na'ura mai faifai biyu da ban tambayi aikinta ba don na riga na sani. Aka ce Baba ya tuɓe riga. Ya dube ni, na sunkuyar da kai na nufi ƙofa, sai likita ta ce in zauna, tana bukatar wanda ya san shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Rabon da in ga ƙirjin mahaifina tun ina yaro ina kai masa abinci wurin gini. Ƙirjin da na sani faffaɗa ne, baƙi wuluk, yana sheƙi da gumi. Wanda na gani ranar ya rankwafa, furfura ta rufe shi. Wani nas ya aske wurare kaɗan, ya goge da auduga, ya manna 'yan faifai goma, kowanne da wayarsa, ya ɗaura masa abin awon jini a dantse.

Likita ta yi lissafi a fili don mu ji. Ana cire shekarun mutum daga 220, abin da ya rage shi ne kimanin iyakar bugun zuciyarsa a minti. Na Baba 158. Ana so ya kai kashi 85 cikin ɗari na wannan, wato 134, kafin a ce an tambayi zuciyar yadda ya kamata. Sannan ta dube shi ido cikin ido. “Baba, abu ɗaya nake roƙo. In kun ji nauyi a ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya gaza, ku faɗa nan take. Faɗin yana cikin gwajin.” Ya ce, “To.” Na san wannan “to” ɗin. Ita yake ce wa Inna in ta ce ya huta.

Injin ya tashi a hankali, kilomita 2.7 a awa, da tudu kashi 10 cikin ɗari, wato a duk tafiyar mita goma an hau mita ɗaya. Da farko Baba ya rikice, ƙasa tana gudu a ƙarƙashinsa shi kuwa yana wuri ɗaya, ya riƙe ƙarfen gaba kamar mai tuƙa kura. Can ya gane takun. Lambar da ke allon ta tashi daga 78 zuwa 96, zuwa 104. Nas ya auna jini. “Yaya, Baba?” “Lafiya lau.” Minti uku suka cika, injin ya yi ƙara, gabansa ya ɗaga zuwa kashi 12, sauri ya koma kilomita 4. Na ga gumi ya tsattsafo masa a goshi. A raina na ce, yanzu muka bar ƙofar gida, yanzu muka wuce mai ƙosai, ga rumfar can.

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Fuskar Baba ba ta ce komai ba, ya shekara sittin yana horar da ita. Amma ni na ga babban yatsansa na hagu ya saki ƙarfen ya koma yana murza gefen haƙarƙari, na kuma ga ya ɗan buɗe baki yana motsa muƙamuƙi kamar mai taunar goro. Likita ba shi take kallo ba, allon take kallo. A zanen kowane bugu akwai wani ɗan layi da ke biyo bayan dogon tsinin, wanda ya kamata ya kwanta daidai da sauran. Na Baba ya fara nutsewa ƙasa, bugu bayan bugu, kamar rufin da damina ta jiƙa. “Baba, akwai nauyi a ƙirji?” “Babu komai, 'yata. A ci gaba.”

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, “Likita, yana jin ciwo. Haka yake yi a hanyar masallaci.” Tunda nake ban taɓa ƙaryata mahaifina a gaban mutane ba sai ranar. Ya juyo ya dube ni, kallon da har yau ban gama fassara shi ba. Likita ta riga ta danna maɓalli. Minti biyar da sakan ashirin, bugu 119. Aka kwantar da shi, aka sa masa ƙwaya a ƙarƙashin harshe, aka ci gaba da kallon allon. Sai da aka yi minti shida layin nan ya koma mazauninsa.

Da ya sa riga, likita ta juyo da allon ta nuna masa. Nutsewar milimita ɗaya, ta ce, ta isa a yi zargi. Tasa ta kai biyu, ta zo da wuri, tun bugun bai kai inda ake nema ba, kuma ta daɗe ba ta koma ba. Waɗannan ukun tare suna nuna hanyar ta ƙuntata sosai. Sannan ta ce, cikin ladabi amma ba da wasa ba, “Baba, dauriyarku ta gina gidaje. A wannan ɗakin kuwa da ta iya kashe ku.”

Na daɗe ina juya wannan magana. An tashe mu a kan cewa namiji ba ya raki, babba ba ya kuka da jiki, mai haƙuri shi ke dafa dutse. Ban raina wannan tarbiyya ba, ita ta ciyar da ni ta kai ni makaranta. Amma akwai ciwon da da ita yake fakewa. Ciwon jijiyoyin zuciya ba ya fitar da ƙurji, ba ya kawo zazzaɓi, ba ya kwantar da mutum sai ranar da zai kayar da shi. Alamarsa ɗaya ita ce abin da mutum yake ji a lokacin aiki, wanda in bai faɗa ba babu mai sani. Sau nawa muka ji an ce, wane lafiyarsa ƙalau, jiya ma mun yi sallah tare, yau ya yanke jiki ya faɗi? Ina zargin da yawansu suna da tasu rumfar da suke tsayawa, ba a dai lura ba ne. Jiki magayi ne, amma sai mai jikin ya yarda ya isar da saƙon.

Ba zan ce gwajin nan duba ne ba. Likitar da kanta ta gaya mana iyakarsa. Yakan rasa ciwon a wajen mutum ɗaya cikin uku masu shi, yakan kuma zargi wanda ba shi da komai, musamman mata, shi ya sa wani lokaci ake haɗa shi da hoton zuciya kafin tafiyar da bayanta. Wanda ƙafa ko gwiwa ta hana shi tafiya, akwai allurar da ke sa zuciya aiki yana kwance. Ba a yi wa kowa shi haka kawai don marmari, sai mai alama ko wanda likita ya ga dalili. Wanda kuma ciwon ƙirji ya kama yana zaune, ya ƙi saki, ba injin tafiya yake bukata ba, a garzaya da shi asibiti a lokacin. Masu ciwon suga kuwa nasu yakan zo babu zafi, sai haki da kasala. Abin da gwajin ya yi mana shi ne ya mai da zato ya zama abin da ake gani a takarda, har mai taurin kai ya gani.

Aka ɗora Baba a kan magunguna: na tsinka jini, na rage maiƙo, na sassauta bugun zuciya, da 'yar ƙwayar ƙarƙashin harshe da zai riƙa yawo da ita. Aka tura mu Abuja a zura siririn bututu ta jijiyar hannu a ɗauki hoton jijiyoyin zuciyar. Hoton ya nuna babbar jijiyar gaba ta kusa rufewa, aka ce sai an buɗa ta an sa mata 'yar ragar ƙarfe ta tokare. Da aka faɗi kuɗin, na haɗa albashina na shekara a kai na ga bai kai ba. Kuɗi ɗaya ne a gidanmu da ya kai, kowa ya san wanne ne, babu mai iya furtawa. Kwana uku Baba bai yi maganar ba. A na huɗu ya kira ni bayan asuba, ya miƙo mini takardar ajiyar kujerarsa, ya ce, “Je ka karɓo. Wanda ya kira ni ya san inda nake.” Ya juya fuska bango. Ni ma na fita da sauri, don kada ɗayanmu ya ga idon ɗaya.

Bayan wata takwas da aikin, likita ta sake kiran mu ɗakin nan, ta ga yadda gyaran ya karɓa, ta kuma san iyakar aikin da za ta yarje masa. Kambas ɗin ya riga ya saba da ƙafarsa, don kullum da yamma yana zagaya unguwa minti talatin bisa umarninta, gishiri ya ragu a miya, goro ya koma na ranar Juma'a. Ya wuce minti uku na farko yana hira da nas. Ya wuce minti biyar da sakan ashirin, ni ina riƙe da numfashi. Injin ya ɗaga zuwa kashi 14, kilomita 5.5 a awa, layin nan yana kwance a wurinsa. A minti na takwas da rabi, bugu 131, sai na ji muryarsa, a sarari, ba tare da an tambaye shi ba: “'Yata, ya isa. Na gaji. Ƙafafu ne, ba ƙirji ba.”

Likita ta tsayar da injin tana murmushi, ta rubuta abin da ya faɗa kalma da kalma a cikin fayil. Ni kuwa ina zaune a kujerar da na zauna wancan karon, ina da shekara 39, karo na farko ke nan da na ji mahaifina ya ce ya gaji.

Mun sake buɗe asusun kujera, ni da ƙannena muna zubawa duk wata. Kuɗin ya ninka abin da yake a da, ba mu san shekarar da zai cika ba. Baba dai yana hawa zuwa masallaci ba tsayawa. Rannan mai gyaran rediyo ya tare ni a hanya, fuskarsa da damuwa, ya ce, “Malam, ko na yi wa Baba wani laifi ne? Kwana biyu sai dai ya ɗaga mini hannu.” Na ce masa babu laifin komai. Da na gaya wa Baba, ya yi dariya har da tari, washegari kuma ya tsaya a rumfar, a hanyar dawowa, suka yi hira ta rabin awa.